Bututan da Suka Yi wa Dokta Lumley Shiru

Shekara talatin da biyu Dokta Aubrey Lumley ya yi yana kaɗa ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai bututai da iska ke busawa, a babban cocin garinmu, amma da yawa cikin masu zuwa sujada ba za su gane shi a kasuwa ba. Mazauninsa can sama yake, bayan wani koren labule, matakala ashirin da bakwai daga ƙasa. Shi kuwa yana ganin kowa. Akwai ɗan madubi da aka kafa masa bisa madannai, ta nan yake kallon mawaƙa, ta nan yake ganin limami ya tashi ko ya zauna. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kallon jama'a ta madubi, da wuya ya kasa zaton ana ƙulla wani abu a bayansa.

Ɗan mai gasa burodi ne daga layin bayan tasha. Yana da shekara takwas aka ɗauke shi cikin yaran mawaƙa, da muryarsa ta fashe kuma Dokta Ingleby, makaɗin wancan lokaci, ya riƙe shi ya koya masa kiɗa. Yaƙin Duniya na farko ya ɗauke shi shekara uku yana ɗura wa igwa harsashi a Faransa. Ya dawo da yatsunsa goma cif, kuma wannan ne abin da ya fi gode wa Allah a kai. Ya zama mataimakin Ingleby, ya auri Hester 'yar mai shagon magani, mace mai sanyin magana wadda ba ta san komai game da kiɗa ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta sani ba.

A cocinmu ba a korar mutum. Babban Limami ne yakan aiko da 'yar takarda, a zo shan shayi ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. A yanka kek, a yabi shekarun da mutum ya yi yana hidima, a tambayi lafiyar gwiwarsa. Kafin shayi ya huce, sai mutum ya ji ya ajiye aiki da bakinsa. Haka aka yi wa Ingleby. Wata biyu kafin nan, Babban Limami na lokacin ya tare Lumley a farfajiya ya tambaye shi, "Yaya hannun maigidanka kwanan nan?" Lumley bai yi ƙarya ba. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Yana ƙoƙari." Kalma biyu ke nan, kujera ta zama tasa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Hester, amma tun daga ranar ya san yadda ake ɗauke kujera daga ƙarƙashin mutum ba tare da an ɗaga murya ba.

Ya riƙe aikin da kyau, wannan ba mai musu. Sujadar yamma kullum ban da Litinin, sau uku ranar Lahadi, ga aure ga jana'iza. Lokacin yaƙi na biyu, da aka cire gilasan tagogi aka ɓoye, da safar hannu mai yankakkun yatsu yake kiɗa saboda sanyi, bai fasa ko rana ɗaya ba. Zabura kuwa, yadda yake raka ta, in an zo wurin kuka sai ka ji kamar ogan ya ja da baya ya ba ka wuri.

A gefen madannai akwai wani littafi mai baƙin bango, da fensir ɗaure da zare. Ogan ɗinmu bututu dubu uku da wani abu ne, daga masu tsawon itacen kwakwa har waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, kuma kullum sai wani ya yi mura. Mai gyaransa, Mista Silas Garbutt, yakan zo a jirgin ƙasa Litinin ta farkon wata, ranar da Dokta ke hutu a lambunsa. Saboda haka ba sa haɗuwa. Dokta ya rubuta ciwo, Garbutt ya rubuta magani a ƙasa. "Madanni na uku daga ƙasa yana nishi kamar saniya mai naƙuda." Amsa: "Ta sauka lafiya. Ɓera ne ya ci fata. S.G." Shekara talatin suna wannan hira, sun cika littafi biyar, alhali in an ƙidaya ganin da suka yi wa juna ido da ido bai kai goma ba.

A kakar shekara ta 1960 aka kawo sabon mataimaki daga Landan, Mista Lionel Pask, ɗan shekara ashirin da shida, mai takalma marasa ƙara. Dokta bai so takalman nan ba. Mutum ya hau matakala ashirin da bakwai ba ka ji shi ba, sai dai ka gan shi a madubi tsaye a bayanka yana murmushi.

Ba a yi wata biyu ba Dokta ya rubuta a littafi: "Madannai biyu na ƙarshe a sama, a jerin bututan ƙaramar sarewa, ba sa magana." Da ya buɗe ranar Talata ya tarar: "Na duba. Suna magana. S.G." Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi har yatsansa ya yi fari. Shiru.

Wata na gaba suka zama huɗu. "Lafiyarsu lau," in ji littafi. Bayan Kirsimeti suka zama bakwai, kuma ba a sarewa kaɗai ba, duk ƙananan bututai masu siririyar murya sun fara dushewa. Kiɗan da a da yake tashi sama kamar hasken safiya, yanzu ya yi nauyi kamar an lulluɓe shi da bargo. Dokta ya shiga jan duk maɓallan da ke buɗe wa ƙananan bututai iska a lokaci ɗaya don ya cike giɓin. Ta madubi kuma ya fara ganin abubuwa. Mawaƙa na kallon juna. Mista Oddy, mai yin akwatin gawa, wanda ke rera babbar murya, ya sa ɗan yatsa a kunne yana sosawa ana tsakiyar waƙa. Wata mata ta fita da jaririnta yana tsala kuka. Babban Limami ya ɗaga kai ya dubi koren labule, ya daɗe bai sauke ba.

Wata Talata ya tsinci takardar alewa a ƙarƙashin bencin ogan, irin wadda Pask ke sha. Ya tare shi bayan sujada.

"Mista Pask, me ya kawo ka sama jiya?"

"Mista Garbutt nake riƙe wa madannai, Dokta. Yana ciki yana gyara, ni ina dannawa."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Na ga ba shi da mai taimako ne."

"Kai dai akwai ka da tausayi. Kuna hira?"

"Ba sosai ba. Shi dai 'na gaba' kawai yake cewa."

"Na gaba," in ji Dokta. "I, na san wannan kalmar."

Daga nan ya fara tarko. Ya manna gashin kansa guda a ƙofar da ake shiga cikin ogan, washegari ya tarar ya tsinke. Ya shiga da kansa, mutum mai shekara sittin da uku, ya hau tsani da fitilar hannu yana leƙa bakin bututai ko an cusa auduga. Bai ga komai ba. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, sai ma ya ce a ransa lallai gwani ne ya yi aikin, kuma gwani ɗaya ne ke shiga wurin. Lissafin ya fito masa sarai: Garbutt ya kashe bututai, ya rubuta lafiya lau, kiɗa ya lalace, a ce tsoho ya gaza, Pask ya hau benci.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne wata Alhamis. Yana tahowa ta farfajiya ya hango Hester da Pask a gindin ginshiƙi, kawunansu kusa da juna. Hester na magana tana murza jakarta, Pask na girgiza kai. Da suka gan shi suka rabu. A gida bai taɓa abincinsa ba.

"Me kuke tattaunawa da yaron nan?"

"Furannin bikin Ista."

"Kunnuwanki sun yi ja, Hester. Shekara talatin da takwas, ba ki taɓa iya ƙarya ba."

"To ka ci dankalinka, yana hucewa."

"Ke ma kin gaji da ni a can sama?"

Ta dube shi kamar za ta ce wani abu, sai ta tashi ta shiga kicin ta sauke butar shayi.

Washegari ya rubuta wa majalisar coci takarda. Ya ce Mista Garbutt ya daina riƙe amanar aikinsa, yana rubuta abin da ba gaskiya ba a littafi, ya kamata a nemi wani. Bai ambaci Pask ba, amma ya rubuta yadda mai karatu zai gane. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, 'yar ƙaramar takarda: a zo shan shayi ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. Dokta ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya san yana da kwana uku ya nuna laifin ogan ne ba nasa ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani gajeren tsoho ne da hula a hannu, faratan yatsunsa baƙaƙe. Sai da ya yi tari Dokta ya gane shi.

"An karanta mini takardarka, Dokta. Rubutun dai na gane shi, na saba da shi."

"Ban rubuta abin da ba zan maimaita ba, Mista Garbutt."

"Shekara talatin ina rarrafe a cikin abin nan, ƙurarsa ta gama da huhuna. Yau ni ne mai kashe bututu?"

"Ban ce kai kaɗai ba."

"Au, an raba mana ashe. To na gode."

"Me Pask ya yi maka alkawari?"

"Alewa. Ita ma sai ya tsotsi biyu kafin ya tuna da ni." Garbutt ya juya hularsa. "Ni ban zo faɗa ba. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi a garin nan, in akwai shi. Ka zaunar da shi ƙasa, ka hau ka danna. Ni ka ajiye ni inda ka ga dama, ka ɗaure mini hannu in kana so."

Dokta ya yi ta juya maganar yana neman inda tarkon yake. Ya bi mutanen gari ɗaya ɗaya a ransa, kowa da dalilin da zai sa ya haɗa baki da su. Aka bar Hester. Ita ma ya ganta a gindin ginshiƙi, amma aƙalla ita kunnuwanta za su tona ta.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu, lokacin da coci ba kowa, suka shiga su uku. Dokta ya kulle ƙofar cikin ogan ya sa makulli a aljihu. Ya zaunar da Garbutt can bakin ƙofar yamma, hannuwansa bisa gwiwa. Hester ya zaunar da ita a bencin mawaƙa, bayanta ga ogan, inda zai ganta ta madubi ita ba ta ganinsa. Ya ba ta farin hankicinsa.

"In kin ji ƙara ki ɗaga. In ta tsaya ki sauke. Kada ki waiwayo."

"Na ji, Aubrey."

Ya hau. Ya ja maɓallin ƙaramar sarewa, ya danna madanni na ƙarshe. Shiru, kamar kullum. A madubi farin hankici ya tashi. Ya ɗage yatsa, hankici ya sauka.

Ya ce a ransa ƙarar katakon madanni take ji. Sai ya tura maɓallin ciki yadda ba bututun da zai samu iska, ya danna da ƙarfi. Hankici bai motsa ba. Ya sake ja a hankali, ya zauna bai taɓa komai ba, yana kallon agogo har minti uku suka wuce. Hester na zaune kamar gunki. Ya sauke ɗan yatsa sannu sannu kamar mai taɓa ƙwai. Hankici ya tashi.

Ya gwada duk bakwai ɗin. Ya gwada a jere, ya gwada a tsallake, ya danna sau biyu da sauri, hankici ya yi sama sau biyu. Ya dubi Garbutt ko alama yake mata, ya ga tsohon ya jingina da bango idonsa a rufe, fuskarsa na ɗan yamutsewa duk lokacin da yatsa ya sauka. Dokta ya riƙe madanni na ƙarshe ya daɗe. Coci shiru, ko numfashinsa yana ji. A ƙasa matarsa na riƙe da hankici sama, duk da gajiya ba ta sauke ba.

Ya sauko matakala a hankali. Ya dubi kunnuwanta. Ba su yi ja ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bara kafin Ista," in ji Hester. "Butar shayi tana ta fito, kana zaune kusa da ita kana karanta jarida. Daga ranar ni nake sauke ta."

"Ba ki faɗa ba."

"Na fara sau uku. Kai ne ba ka bari a kai ƙarshen magana."

"Pask fa?"

"Roƙonsa na yi, in ka ja maɓallan nan masu tsini ya riƙa mayar da su a ɓoye. Suna huda kai, Aubrey, mutane na komawa bencin baya. Ya ƙi. Ya ce ba zai taɓa kayan maigidansa a bayan idonsa ba." Ta ninke hankicin. "Babban Limami ma ya tare shi ya tambaye shi yaya kunnenka."

Dokta ya matso kusa da ita. "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, ku tambaye shi, yana nan sama."

Garbutt ya taho yana jan ƙafa. Dokta bai iya haɗa ido da shi ba.

"Kai ma ka sani."

"Tun wata na biyu. Duk wanda ya yi aikin igwa, daga siraran sautuka take fara ɗauke masa ji. Ƙanena ma haka."

"Me ya hana ka rubutawa?"

"Littafin na ciwon ogan ne, Dokta. Ba a rubuta na mutum a ciki, kowa na iya buɗewa." Ya yi tari, ya rage murya. "Ga shawara. Yanzu in hau in rubuta na sami ƙura a ƙananan bututai, na share. Laifina ne, tsufa. Ka janye takardarka, ka daina jan maɓallan nan, yatsunka sun san sauran. Kana iya ƙara shekara biyar ba wanda ya gane. Gobe ka sha shayinka ka fito da kujerarka."

Dokta ya auna maganar. Hanya ce mai kyau, ya ga haka. Ya dubi koren labule, ya dubi baƙaƙen yatsun tsohon.

"Sannan ka riƙe ni a tafin hannunka har kabari."

"Kai Dokta, ba ka gajiya?"

"Shekara talatin ba a rubuta ƙarya a littafin nan ba. Ba ranar da na gane haka za a fara ba."

Ya sake hawa shi kaɗai. Abin da ya rubuta yana nan har yanzu a littafi na shida: "Bututai bakwai na sama suna magana. Mista Garbutt ya yi gaskiya duk sau biyar ɗin. A.L."

Ranar Juma'a ya isa saura minti biyar. Bai bari aka zuba shayi ba. Yana tsaye ya ce ya janye takardarsa, ya faɗi dalili, ya ce zai ajiye aiki bayan Ista. Babban Limami ya ce shi fa maganar Garbutt kaɗai ya kira a yi. Dokta ya dubi kek ɗin da aka riga aka yanka. Har ya mutu bai yarda da wannan maganar ba.

Ran Lahadin Ista ya yi kiɗansa na ƙarshe. Pask ya zauna a gefensa, shi ya ja maɓallai, bisa umarnin Dokta kuma a gaban idonsa. Mista Oddy bai sosa kunne ba ranar. Da aka tashi Dokta ya miƙa wa Pask makulli ya ce, "Ka sayi takalma masu ƙara." Game da amsar nan ta "ku tambaye shi", ya sha faɗa wa Hester cewa bai san ko yaron ya fi shi kirki ne ko ya fi shi wayo ba.

Bai bar ogan gaba ɗaya ba. Litinin ta farkon kowane wata, in jirgin Garbutt ya iso, yakan tarar da Dokta zaune a benci yana jira, shi ke riƙe masa madannai. Da kunnen ya ƙara nauyi har bai jin "na gaba" daga ciki, Garbutt ya ɗaura masa zare a wuyan hannu, ya zura ta ƙofa, in ya gama da bututu sai ya ja. Shekara tara suka yi haka. Bayan aiki sukan ci burodi da cuku a farfajiya, kowa na ɗaga wa ɗan'uwansa murya.

"Na ƙarshen nan, ka tabbata ka gyara shi?"

"Na gyara, Dokta."

"Haka dai ka ce."

Dokta ya rasu da sanyin 1971, Allah ya ba shi hutu. Pask ne ya yi kiɗan jana'iza, Garbutt ya zo a jirgin safe, ya shiga cikin ogan tun kafin a buɗe ƙofa ya bi ƙananan bututai ɗaya ɗaya. Ranar ba Litinin ba ce, kuma ba wanda ya aika masa.